Ranar da Na Umarci Zuciyata Ta Tsaya

Ban wuce shekara bakwai ba lokacin da maƙwabcinmu a Kwarbai ya rasu, na ji manya suna cewa zuciyarsa ce ta tsaya. Tun daga nan barci ya zame mini abin tsoro, don na ɗauka in na manta da tawa, ita ma tsayawa za ta yi.

Wata rana bayan azahar, Kawu, ƙanen mahaifiyata da ke aikin asibiti, ya tarar da ni a zaure ina gyangyaɗi, hannuna dafe da ƙirji. Ya tambaye ni, na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ciro robar nan ta sauraren ƙirji daga jakarsa, tana warin magani, ya sa mini a kunne, ya ɗora ƙarfen mai sanyi a ƙirjina.

"Ce mata ta tsaya," in ji shi.

Na runtse ido, na umarce ta. Ta ci gaba da bugawa abinta.

"Ka gani? Ba da izininka take aiki ba. Akwai wani ɗan wuri a samanta da Allah Ya sa yake fitar da 'yar wuta irin ta lantarki, ita ke tayar da kowane bugu. Tun kana cikin mahaifiyarka take yi. Kai dai kwanta."

Na miƙe a kan tabarmar, ko kiran la'asar ban ji ba.

Yau na fi Kawu, Allah Ya jiƙansa, daɗewa a duniya. Likitoci da yawa sun saurari ƙirjina, amma shi kaɗai ne ya ba ni na saurara da kaina.