Ranar da Rumbun Bayanai Ya Ƙi Amsawa

Mudassir, na ga har ka fara kiran sunan mutum tun ba ka duba injinka ba. Ja kujera ka ji.

Akwai wani mai kula da kwamfutoci a wani babban shagon magani na sari. Wata Asabar da safe masu sayarwa suka kunna kwamfutocinsu, manhaja ta ce ta kasa haɗuwa da rumbun bayanai, inda farashi da lissafin kaya suke. Ciniki ya tsaya cak, dillalai sun cika ƙofa, maigida sai huci yake. Mai kula da kwamfutocin ya tattaɓa wayoyin haɗi, ya kashe babbar kwamfutar ya kunna, shiru. Shi kuwa irin mutanen nan ne da ko ƙofa ce ta ƙi buɗuwa sai sun ce da hannun wani. Nan take zuciyarsa ta tafi kan abokin aikinsa, wanda suka yi cacar baki da shi kan hutu, kuma shi ma ya san kalmar sirri. Ya tuna ya gan shi yana murmushi ranar Alhamis. Murmushi fa! Ya tuna ya taɓa riskarsa shi kaɗai a ɗakin babbar kwamfutar. Ya harhaɗa waɗannan ya kai wa maigida a gaban ma'aikata, ya ce zagon ƙasa ake masa. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Aka karɓe makullinsa, ya tura babur ɗinsa ya fita.

An canza kalmar sirri, matsala tana nan daram. Sai da la'asar gogan ya zauna ya karanta saƙon da allo ke nuna masa tun safe. Ashe ranar Juma'a, yana saurin tafiya masallaci, injin ya tambaye shi ko a sabunta rumbun bayanai, ya danna eh don saƙon ya kauce masa, kamar yadda ya saba. Rumbun ya zama sabo, amma ɗan shirin da ke tsakaninsa da manhaja kamar tafinta, wanda muke kira direba, yana nan a tsohonsa, ba sa jin juna. Ya sauke sabon direba ya ɗora, kafin shayinsa ya huce komai ya dawo. Wallahi abin na ba ni takaici. Gogan ya je har gidan abokin aikin nasa ba da haƙuri, mutumin ya fito ya ce ya yafe, amma ba zai sake zama ɗaki ɗaya da wanda ya kira shi maci amana ba. Labarin zargin kuma ya riga ya zaga kasuwa, har yau ba shagon da ya yarda ya damƙa wa wannan bawan Allah kalmar sirri.

To, je ka fara duba abin da hannunka ya taɓa jiya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.