Na Ƙarshe a Layin Atisaye

Saura mutum shida a gabansa, Ndaman ya sake sulalewa ya koma ƙarshen layi. Karo na uku ke nan.

Sabuwar doka ce mai jirgin shaƙatawa ya kafa a bakin tafkin Shiroro, tun bayan da wani kwale-kwale ya kife da damina. Duk wanda ƙafarsa za ta taka jirgin sai ya sa rigar ruwa, ya riƙe igiya, ya sauka matakalar katako, ya saki jiki a ruwa har a ƙirga biyar. Wata matashiya mai suna Sara aka ɗauko daga Minna ta kula da atisayen, ita kuwa ba ta san alfarma ba. Ndaman ta so ya fara ma, ya ce a'a, baƙi su fara.

Baƙin matan zumunta ne daga wata coci a unguwar Barkin Sale ta Minna, su ashirin da ɗaya, da kulolin abinci da zannuwan canji. Shugabarsu Mama Purity, mace mai jiki da murya, tun da suka sauka daga bas take mita. Iska suka zo sha, ba wanka ba. Kuma mene ne na wahala, tunda kowa ya ce direban jirgin ya shekara ashirin da shida a kan ruwan nan, kifi ma bai fi shi sanin ƙasan tafkin ba? In wani abu ya faru, ai shi zai tsamo su. Sara ta ce direba hannu biyu gare shi, su kuma ashirin da ɗaya ne. Aka yi ta ja, har dai Mama Purity ta shiga, ta fito tana haki tana dariya, wai ashe rigar tana ɗaga mutum da gaske.

Ndaman bai yi dariya ba. Bai iya ruwa ba.

A bakin kogi aka haife shi, inda yaro ke koyon iyo kafin ya iya ɗaura wando. Yana ɗan shekara tara ruwa ya cinye wansa a gabansa, yana tsaye a gaɓa yana kallon hannun yana ɓacewa. Tun daga ranar ruwa bai wuce masa gwiwa ba. Ya tsufa da wannan sirri, ko matarsa bai gaya wa ba.

Yau ga masunta can suna gyaran koma, waɗanda suka ɗaga masa hannu da safe. Ga mata masu bandar kifi, duk idonsu a kan matakalar. Ya yi tunanin ya ce cikinsa ya murɗa. Ya duba rana ko azahar ta yi ya fake da alwala, ina, da saura. Layin kuwa sai raguwa yake. Uku. Biyu.

"Baba, saura kai," in ji Sara, ta miƙa masa riga tana murmushi.

Maɗaurai uku ne a jikin rigar. Sara ta nuna yadda ake ɗaure su tun ɗazu, har sau biyu, amma idonsa na kan ruwa a lokacin. Ya tambayi sa'ar 'yarsa a gaban jama'a kuwa, bakinsa ya ƙi. Ya maƙala na sama kaɗai. Ita ma ba ta duba tasa ba kamar yadda ta duba na matan.

Matakala ta farko, sanyin ya kama masa idon sawu. Ta biyu, gwiwa. Ta huɗu gansakuka ce, ƙafarsa ta zame, igiya ta kuɓuce.

Rigar ta yi sama, shi ya yi ƙasa. Ta sulluɓe ta kansa ta bar shi. Ya buɗe baki zai yi salati, ruwa ya cika shi. Duhu ne mai kore-kore, babu sama babu ƙasa, ga muryoyin mutane can nesa kamar daga cikin rijiya. Abin da ya fi firgita shi, ya ji ana dariya. Sun ɗauka wasa yake yi.

Mama Purity ce ta fara gane ba wasa ba ne. Rigarta na jikinta, ta faɗa ruwan, ta kama wuyan taguwarsa ta baya kamar yadda aka koya musu, Sara ta jefa igiya aka jawo su.

Ya daɗe a durƙushe kan katako yana aman ruwa. Masunta sun ajiye koma sun miƙe tsaye. Sara ta tsaya da igiya a hannu tana kallonsa, fuskarta ta fi tasa tsorata. Ta tsugunna ta mayar masa da rigar, ta ɗaure maɗauran uku da kanta, ta ja kowanne ta gwada.

Mama Purity ta shafa masa baya kamar mai lallashin jariri.

"Baba, babu kunya a ciki, ni ma yau na fara shiga. In mun hau, ka zauna kusa da direba, shi zai lura da kai."

Matan suka shiga jirgi ɗaya bayan ɗaya, suka zauna, suna ta yi masa sannu. Mama Purity ta waiga hagu da dama, ta tambaya wai ina direban ne, rana na yi.

Ndaman ya miƙe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ratsa tsakanin matan har bayan jirgi, ya zauna a mazauninsa na shekara ashirin da shida, ya ja igiyar inji.