Abin da Teku Ya Dawo da Shi

Kunkuru ne ya ja masa. Teruo na kwance rubda ciki a kan ruwa, kusa da tsibirin da suka je hutun amarci, madubin ninƙaya a fuska, bututun numfashi a baki, sai ga wani ƙaton kunkurun teku ya ratsa ta ƙarƙashinsa. Amaryarsa Fumie ta nuna da yatsa ta nutsa, shi ma ya bi ta, don kada a ce ango ya tsufa. Igiyar ruwa ta zo ta wuntsila su su biyu. Da ya daidaita, sai ya ji wani sanyi a tsakar kansa wanda ya yi shekara da shekaru bai ji ba.

Hular gashinsa ta tafi.

Teruo dai mai sanƙo ne, ƙwal, tun yana tuƙin bas a Osaka, kuma daga shi sai mai shagon da ke sayar masa da hular suka sani. Ranar da aka haɗa shi da Fumie, shi matarsa ta rasu, ita mijinta ya rasu, abin da ta fara cewa shi ne, "Kai, a shekarunka da wannan suma?" Bawan nan ya buɗe baki ya ce gado ne. Har ya ƙara da cewa ita ma ai ba baya ba, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Yanzu aurensu ko mako bai yi ba, ga gadon can yana yawo a teku. Tsoro ya kama shi sosai, don yana son matar nan, kuma ya gaji da cin abinci shi kaɗai.

Can ya hango wani baƙin abu yana lilo a kan dutsen murjani a cikin ruwa, ƙananan kifaye na tsattsagarsa. Ya cafke, ya kifa a kai, ya danne da hannu har bakin jirgin ruwan da ya kawo su.

"Baba, kai ka buge?" in ji mai jirgin.

"Rana ce," ya ce, ya wawuri malafarsa ya ɗora.

Fumie ta riga shi hawa. Tana zaune a lungu ta naɗe kai da tawul, ta ce ciwon kai ya sa ta gaba, ko kallonsa ba ta yi ba. Teruo ya ji daɗin ciwon kan nan har ransa, sannan ya ji kunyar jin daɗin.

Malafa ba ta sauka ba har Kyoto. Masaukin da suka kama tsohon gidan katako ne wanda ya girmi kakan kakansa, kuma a irin wannan gida ba a zama cin abinci da malafa. Ya lallaɓa gidan wankan maza da la'asar, ya tarar ba kowa, ya tsaya gaban madubi.

Ashe gishiri na sa gashi tsiro? Hular ta yi tsawo har tana rufe masa kunne, ta kuma nannaɗe kamar taliya. Ya zagi teku, ya zagi kunkuru, ya zagi mai shagon da ya rantse masa cewa ko guguwa ba ta ɗaga ta. Sai ya zaro ɗan almakashin gyaran gashin baki ya hau aski. Ya rage dama, hagu ta fi tsawo. Ya rage hagu, dama ta fi. Da ya ga in ya ci gaba ba abin da zai saura, ya haƙura. Ya laluba jaka neman gam, nan ya tuna ya baro shi a tsibiri. Haka ya ɗora ta a sake, ya koma ɗaki wuya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu.

Fumie ba ta je wanka ba. Ta ɗaura ɗankwalin siliki tamau, ta zauna a gaban gajeren teburin da aka jera wa kifi, awara da miya a ƙananan kwanuka. Ta ɗago ta dubi kansa, ta daɗe tana duba, har tsinken cin abincinta ya tsaya a iska.

Nan aka zuge ƙofar takarda. Tsohuwar da ke da gidan ce ta zo yi wa ango da amarya barka. Ta durƙusa, ta jera tafukanta a tabarma, ta kai goshi ƙasa. Teruo ya rama da ido kawai. Tsohuwa ta ɗauka gaisuwarta ce ba ta isa ba, ta sake kai goshi, ta ƙi ɗagowa.

"Maigida," Fumie ta ce ƙasa-ƙasa, "so kake baiwar Allah ta kwana a nan?"

Ba yadda zai yi. Ya dafa tabarma ya sunkuya, hular ta zame, ta faɗi tsakaninsa da tsohuwa, fal.

Tsohuwa ta ɗago, ta ga abin da ta gani, ta yaba kyan yanayin bana, ta ja da baya a gwiwa ta rufe ƙofa.

Teruo bai iya ɗaga ido ba. "Fumie, ƙarya na yi miki. Ba gado ba ne. In kin ce kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Ta miƙa hannu ta ɗauki hular, ta juya ta gaba da baya, ta shafa inda almakashi ya ci. Ta ce, "Haba maigida, ko tambaya babu? Daga Tokyo fa na yi odarta."

Sannan ta kwance ɗankwalin, sai ga tasa hular zaune a kanta, gaba a baya.