Tela da Maɗatan Bakin Rafi

Zauna tukuna, Ɗanjuma. Ka ce ƙaramar ƙarya ce ka yi don ka kauce wa kunya, kuma ba ta ci wa kowa komai ba. To saurara ka ji misalin wani tela.

Telan nan a kan keken ɗinki ya ƙare ƙuruciyarsa, tun yana siriri kamar sillen kara har ya zama sai ya dafa bango zai miƙe. Hawan jini ya kama shi, ga ciwon suga. Likita ya ce masa ƙwaya kaɗai ba za ta riƙe shi ba, in yana son ya ga girman 'ya'yansa sai ya riƙa gudu yana zufa. To ka san halin mutanenmu. Magidanci da furfura ya ɗiba a guje a tsakiyar gari, in ba a ce ya yi sata ba, za a ce ya taɓu. Sai ya samo wata tsohuwar hanya a bayan gari, wadda ta bi gefen rafi. Kakanni sun jera mata itatuwan maɗaci hagu da dama, rassa sun haɗe a sama, daga gari ba a hango wanda ke ciki. Yana idar da sallar asuba sai ya zame, ya rataye babbar riga a reshe, ya kama sassarfa. Da kaka kuwa abin sai wanda ya gani. Marke da ƙirya da ke tsakani su yi rawaya su fara zuba, busasshen ganye na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa, dawa ta yi jawur a gonakin ƙetare, maɗatan kuwa kore shar, ba ruwansu da kaka. Mutumin da bai san kallon komai ba sai bakin allura, sai ga shi yana ɗaga kai yana murmushi shi kaɗai. Teɓa ta zube, jiri ya tafi, barci ya dawo. Wallahi ya so hanyar nan kamar ransa, kuma da gaskiyarsa, don ita ke riƙe da ran.

Wata rana a majalisa aka tsare shi. Wani maƙwabcinsa ya ce, “Malam, don Allah me kake sha ne? Ka koma saurayi.” Ya buɗe baki zai ce gudu yake yi, sai ya hango dariyar da za a kwashe da ita, har da surukinsa a zaune. Ya sosa ƙeya ya ce, “Ba komai, sassaƙen maɗacin bakin rafi nake jiƙawa.” Shi ke nan fa. Garin da kowane gida ke da mai ciwo, ga kuma shaida tana yawo da ƙafafunta. Mai hawan jini ya ɗauki gizago, mai ciwon ƙafa ya aiki ɗansa, labari ya kai ƙauyuka, aka fara zuwa da buhu. Kowa ɗan tafin hannu yake ɓantara, kowa yana ganin nasa bai kai ya kawo ba. Telan yana wucewa da sassafe yana ganin sababbin raunuka a jikin itatuwa, zuciyarsa na suya, amma ina bakin magana? In ya hana, a ce baƙin ciki yake yi kada wasu su warke. In ya faɗi gaskiya, ya zama maƙaryaci kuma abin dariya. Sai ya riƙa lallashin kansa cewa icce ai yana mayar da ɓawo.

Da kaka ta zagayo, maɗatan da ba su saba sauya launi ba suka yi rawaya, wasu suka yi ja, hanya ta haɗu iya ganinka. Bai taɓa ganin ta yi kyau irin na bana ba. Ya yi ta gudu a ciki yana jin daɗi, har ranar da numfashi ya tsaya masa ya rungumi wani icce don ya huta. Hannunsa ya zagaya bai taɓa ɓawo ba, sai farin itace santsi, a bushe. Ya matsa zuwa na gaba, haka. Na gaba ma haka. A nan ya durƙusa ya yi kuka, don ya gane kyan da yake ta yabo mutuwa ce. Damina ta sauka, marke ya tofo, maɗatai ko ɗaya. Masu gawayi suka zo da gatura suka ƙarasa. Hanya ta zama fili fetal, daga bakin kasuwa ana iya ƙirga mai wucewa, rana kuma tun hantsi take dukan ƙeya. Ya gwada fita, yara suka bi shi da ihu, bai ƙara ba. Ya koma kan kekensa, ciwo ya dawo da ƙarfinsa, kafin wata kakar ɓarin jikinsa ya shanye.

Yanzu yana kwance a zaure, harshe ya yi nauyi. Gaskiyar da ya ƙi faɗa da lafiyarsa yake ta ƙoƙarin faɗa, ba wanda ke gane abin da yake cewa. Maƙwabta kuwa mutanen kirki ne. Sun ce tun da sassaƙensa ya ƙare ne jiki ya rikice, sai suka yi karo-karo ana sayo masa daga wani gari mai nisa. Safe da yamma a tallafo kansa a ɗura masa ruwan ɗaci, yana girgiza kai, hawaye na zuba, suna cewa, “Daure, Malam, maganinka ne.”

Ka ji ƙaramar ƙarya, Ɗanjuma. Ba a banza Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya ba.