Ɗakin Cikin Bango

Ranar da mai ɗaukar hoton gidan zai zo, matar ɗan tsohuwa ta kwashe takalman tsohuwar daga bakin ƙofa.

Wata uku ke nan da ɗan ya kawo ta gidansa a hawa na ashirin na wani dogon bene, bayan rasuwar mijinta. Da ta ga falon, kujera ɗaya, fitila ɗaya, sai farin bango, har jajen ɓarayi ta yi musu.

"Inna, ado ne," in ji ɗan.

Ashe komai yana nan, cikin bango. Ka danna nan, tukwane su fito. Ka danna can, ga tsintsiya. Ba mariƙi, ba alama. Ƙofar ɗakinta ma haka take.

Aka ƙwanƙwasa.

"Inna, ki ɗan shiga ciki, yanzu za mu gama."

Ta shiga ta zauna a bakin gado. Ba ta ji haushi ba, ta daɗe rabonta da jin komai.

"Madalla, ko tsinke babu!" in ji baƙon. "Ku nawa ne a gidan?"

"Mu biyu ne," in ji ɗan.

Tari ya taso mata, ta toshe shi da bakin zane. Tukunya ma ai ba ta fitowa sai an danna.