Gwanin Ƙetaren Rafi

Kai da ba ka gajiya da musun wane ya fi wane a ƙwallo, gyara zama ka ji. An yi wani mai horar da 'yan wasan garinsu, mutum mai rawar kai, ba ya iya zama wuri ɗaya. Kullum yana majalisar bakin tasha ana cacar baki kan wanda ya fi kowa iya raba ƙwallo. Wannan ya ce a duba kofuna, wancan ya ce ƙarfin ƙafa ne magana, tsofaffi su ce na da sun fi na yanzu. Gogan naka kuwa ya kafe kan wani ɗan ƙauyen ƙetaren rafi, wanda in ya ɗaga ƙwallo daga tsakiyar fili sai ta sauka a ƙafar ɗan gaba kamar da hannu aka ajiye. Ga wasan ƙarshe ya ƙarato, garin bai taɓa ɗaukar kofi ba, an kuma faɗa wa mai horarwar in ya faɗi bana wani za a ba aikin. Hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya dinga zarya ƙetaren rafi, yau goro gobe magiya, har gwanin ya yarda ya buga musu. Nasu mai rabawar, wanda ya yi wahalar kawo su wasan ƙarshe, aka ce ya zauna a benci, ko kunya babu.

Ranar wasa gwani bai rage komai ba. Yadda yake bugawa a gida haka ya buga, amma ƙwallo sai ta sauka a fili fetal, ba kowa. Ashe a ƙauyensu ɗan gabansa abokin kiwonsa ne tun ƙuruciya, kafin ya ɗaga kai wancan ya riga ya sheƙa a guje. Mai horarwa ya yi sama ya yi ƙasa a bakin fili, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Kafin ya tuna da na benci an riga an zazzaga musu ƙwallaye, kofi ya tafi, aiki ya bi shi. Da ya tare gwanin cikin takaici, sai gwanin ya ce masa, "Ai da ka tambaye ni, mu biyu za ka ɗauko."

To, ka ji. In za ka jera gwanaye, ka fara tambayar wa ke tare musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.