Dokar Shekara Bakwai

Takardar ta iso ranar Litinin, Hedimasta yana cikin juyi a sabuwar kujerarsa mai taya. Daga sashen ilimi na ƙaramar hukuma take, shafi biyu, hatimi har uku. Yana gama karantawa kujerar ta daina juyi.

Maganar ba ta da wuyar ganewa. Daga zango mai zuwa, duk shugaban makarantar da ya cika shekara bakwai a ofis zai koma aji ya riƙe alli, domin "shugaban da ya daɗe a kujera ba ya sanin sunan yara, sai sunan masu kawo masa gaisuwa". Kwamitin gudanarwa na kowace makaranta ne zai tabbatar an bi dokar.

Hedimasta yana da shekara bakwai da wata huɗu. Aji uku ne kaɗai ba malami, yara saba'in ne a ciki, shi kuwa gwiwoyinsa sun daɗe da yin ritaya.

Ya saba da takardun ƙaramar hukuma. Bara suka ce wanke hannu ne a gaban komai, suka aiko da bokitai makarantar da ba famfo. Su ne aka rubuta wa a kan rufin aji biyar, amsa ta zo bayan shekara tara, ajin ma ya riga ya rushe. To amma wannan ba ta yi kama da tasu ba. Tana da tsari, tana da zafi, ya nemi kuskure ko ɗaya ya rasa. Shi kuwa mutum ne da malamai ke kira Jan Biro a bayan idonsa, don ko takardar hutun haihuwa aka kawo masa sai ya ja layi uku a ƙarƙashin wata kalma.

"Wannan ba aikin Daraktan ilimi ba ne," ya ce wa matarsa bayan ya koma gida. "Wani munafuki ne ya kitsa ta, kuma ya san ni."

Matar, wadda suka yi koyarwa tare kafin aure, ta karanta shafin farko, ta dube shi, ta sake karantawa. Sai ta tashi ta shige kicin. Ya daɗe yana jin ta tana wani irin tari.

Zarginsa ya sauka a kan Mataimaki, matashi mai digiri biyu da ke yawan kallon kujerar in ya shigo gaisuwa. Hedimasta ya san irinsu sarai, ai shi ma ya yi aiki ƙarƙashin wani tsoho da ya shekara ashirin a wannan ofishin yana gyangyaɗi. Daga ranar ya daina amsa gaisuwar Mataimaki, ya kuma ɗora masa kula da masu latti.

Ranar Alhamis ya kira kwamiti. Tela, mai ɗinka kayan makaranta, shi ne shugaba, sai Mai Kemis da wakiliyar iyaye, mutanen da lemo da biskit ne ke kawo su taro. Ya karanta musu takardar ƙorafin da ya rubuta, shafi biyu cif. Dama tun yana ƙaramin malami ba a kama ƙafarsa a rubutun ƙorafi, shi kansa bai san iyakar waɗanda ya rubuta ba.

Tela ya ɗora ta kusa da ta hukuma, ya jinjina kai. "Wallahi Malam, wannan da waccan kamar uwa ɗaya ta haife su."

Hedimasta ya ɗauki maganar a matsayin yabo. Kowa ya sa hannu, shi ma ya rangaɗa nasa a ƙasa.

Washegari aka tara shugabannin makarantu arba'in a zauren ƙaramar hukuma, fanka ɗaya ke aiki, ita ma a saman Darakta. Ana cewa ko da mai tambaya, Hedimasta ya miƙe. Ya ce su ba sa tsoron aji. Abin da suke so kawai a faɗa musu wane mahassadi ne, wanda bai taɓa riƙe ko mabuɗin sito ba, ya kawo wannan shawara. Aka tafa masa, har da masu barci.

Darakta bai ji haushi ba, murna ma ya yi. Ya ce a bana abin da hukuma ta sa a gaba shi ne sauraron malamai. Saboda haka suka sa kafinta ya fasa akwatin shawara da ke bakin ƙofa, wanda mabuɗinsa ya ɓace tun kafin a ɗauki shi Daraktan aiki. A ciki suka tarar da ledar alewa, da gidan zanzaro, da wasiƙa guda ɗaya tak. Tun da ita kaɗai ce muryar malamai, suka mayar da ita doka, ko waƙafi ba su canja ba.

"A nuna mana ita!" in ji Hedimasta. "A karanta sunansa kowa ya ji!"

"Ga ta, Malam," in ji Darakta. "Karanta musu da kanka."

Takardar ta yi ruwan ƙasa, gefenta duk cin kyankyasai. Wani fusataccen malamin aji uku ne ya rubuta ta, shekara goma sha tara da suka wuce. A ƙarƙashin kalmar "bakwai" an ja layi uku da jan biro. Sa hannun kuwa ko ɗigo bai canja ba, shi ne dai wanda Hedimasta ya rangaɗa jiya a ƙasan takardar ƙorafi.